Kasken da Na Hana Ki Tafiya da Shi Lyon

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa daga ni da innarki, da fatan takardar nan ta iske ki lafiya, kin huce gajiyar hanya da ta jidon kaya. Ina baƙunta? Ina sanyin Lyon, ina sabon ɗaki? Allah ya sa kin shiga garin da ƙafar dama, ya haɗa ki da maƙwabta na kirki, ya tsare ki daga sharrin hanya da na masu binta. Mu nan Clichy sai godiya. Gwiwa ce dai ta ƙi ni, asansar ɗin gidan kuma, injin hawa benen nan, ya sake mutuwa, kullum sai na huta sau uku kafin in kai hawa na shida.

Kin san sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa bakina bai taɓa iya kiran sunanki ba, shi ya sa kuma ba na iya yi miki magana kai tsaye yadda uba ke yi wa ɗiyarsa. A wayar salula muna farawa da lafiya lau mu ƙare da lafiya lau. Ga muƙamuƙina ba ya jure doguwar magana. To na ce bari in ɗauki alƙalami. Innarki na ta dariya, wai wa ke rubuta wasiƙa yanzu in ban da hukuma.

Ranar da kike ɗaure kaya kin hau kujera kin sauko da tsohon kaskena daga saman armuwar ɗin tufafi, baƙar hular kwanon nan mai gaban da ake ɗagawa. Kika ce shekara goma sha bakwai yana shan ƙura a banza, kuma irinsa kike nema, modilabil, tunda kina sa tabarau kuma aikinki na shiga gidajen mutane ne. Ni kuwa abin da ya fito bakina shi ne, "Mayar da shi inda kika gan shi." Ban ƙara kalma ba. Kika mayar, kika kakkaɓe hannu. Innarki ta ce rowa ce, abin da ba na amfani da shi na hana ɗiyata. A tashar jirgi kin durƙusa kin yi mini sallama yadda ya kamata, amma idonki na wani wuri. Na gani.

Shekaranjiya kuma na ji kina gaya wa innarki a waya kin samu wani kaske na hannu a intanet, babban suna, rabin kuɗi, Asabar za ki je ki karɓo, Litinin ki fara zagayen marasa lafiya a kan moto, babur ke nan. Tun lokacin abinci bai yi mini daɗi ba. Gobe da safe zan sauka benen nan da gwiwata in kai takardar nan gidan waya da kaina, don ta riga Asabar isowa.

Ban so moton nan ba, ba sai na maimaita ba. Na ce jirgin metro, na ce motar bis, kika ce gida goma sha biyu kike shiga kafin azahar, rabinsu a kan tudu, kuma allurar mai ciwon sukari ba ta jiran bis. Gaskiyarki. Na gaji da gardama, Uwata, na gaji da ita ƙwarai. Tunda hawa za ki yi, to ki saurari wanda ya yi shekara goma sha huɗu a kan moto cikin Paris yana kai takardun mutane daga biro zuwa biro, wato ofis-ofis. Ba wayo zan koya miki ba, don ban yi shi ba. Wautata zan ba ki labari, ki tsinci abin da zai amfane ki.

Karatu ya kawo ni ƙasar nan. Karatun ya ƙare, zaman bai ƙare ba, aka samo mini aikin kai saƙo. Mai kamfanin ya ce moto nasa ne amma kaske nawa, in zo da shi gobe. Na nufi Barbès, ƙarƙashin gadar metro, inda wani ya baza takalma da tsofaffin rediyo da kaske uku a kan leda. Na zaɓi wani ja mai ƙyalli, da ƙatuwar takardar ado liƙe a gefe. Na yi ciniki irin na kasuwar gida, na tafi na dawo, na rantse, na sake tafiya, har mutumin ya gaji ya sallama. Na koma masauki ina nuna wa ƴan'uwa, ina cewa yau ƴan Barbès sun san ɗan Damagaram ya zo.

Hunturu biyu na yi da shi. Ruwa ya yi ta dukan takardar adon har ta ɓanɓare, sai ga tsaga ƙarƙashinta, tsawon ɗan yatsa. Wani tsohon makanike da ke duba mana moto ya karɓa, ya zare soson ciki, ya nuna mini farin abin nan mai tauri da ke ƙarƙashi, irin wanda ake cushe sabuwar talabijin da shi a kwali. Gefe ɗaya ya lotse kamar ƙosan da aka taka. Ya ce kasken nan ya riga ya yi aikinsa a kan wani, kuma sau ɗaya suke yi. Ashe shekara biyu ƙwarya nake kifawa a kai ina ratsa Paris, ina ganin na tsare kaina.

Don haka na hannun nan, ki bar wa mai shi abinsa. Ko wane suna ne a goshinsa, ko da ya rantse miki sau biyu kawai ya sa. Wataƙila ma gaskiya yake faɗa, amma ke ba ki da hanyar sani. Farin abin nan na ciki shi ne kasken, sauran duk riga ce, kuma in ya lotse daga waje ba a gani. Sabo mai araha wanda ba wanda ya san sunansa ya fi tsoho mai babban suna. An ce araha ba ta ado, to ai ba ado muka zo nema ba.

Abubuwa sun sauya tun zamanina, shi ya sa jiya na ja ƙafa na je kantin masu moto na tambaya, kada in gaya miki tsohon zance. Ke ma ki shiga kanti da ƙafarki. Ki juya maɗaurin haɓa, za ki ga ɗan ƙyalle ɗinke da harafin E cikin da'ira, da doguwar lamba. In lambar ta fara da 06, sabon gwaji ya ci, kuma gwajin ɗaya ne ga mai tsada da mai araha. In babu ƙyallen, ajiye ki fita. Abin da ke ɗaga kuɗi yawanci fenti ne da suna da rashin nauyi. Ki tambayi samfurin bara, wanda suke son ya bar musu kanta. Ki ɗauki fari ko wani launi mai haske. Na san za ki ce muni, amma direban da ya gaji yana ganin fari kafin ya ga baƙi. Ƴan takardun nan huɗu masu walƙiya da ke cikin kwali ki liƙa su, doka ce, kada ɗan sanda ya ɓata miki safiya.

Bayan na yar da jan nan na sayi sabo, ina ganin na yi hankali. Ashe wautar riga kawai ta sake. Na zaɓi wanda ya fi kaina da nisa, don ina so hulata ta shiga ƙarƙashi. Kada ki yi dariya. Tun da na girma ban taɓa fita kai ba hula ba. A wurinmu mai fita haka ko yaro ne ko hankalinsa ya taɓu. Ina so in na cire kaske a ƙofar biro ko masallaci a ga mutum da hularsa. Matar kantin ta kama kasken ta juya shi a kaina hagu da dama, ta ce ya yi mini yawa. Na ji haushi, na ce mata, "Madam, kaina ne ko naki?" Ta ɗaga kafaɗa ta sa mini shi a kwali.

Ba a yi wata ba, ina kan babbar hanyar nan da ta kewaye Paris, ina so in sauya layi. Na waiga hagu, kaina ya juya, iska ta riƙe kasken bai bi ni ba. Ban ga hanya ba, soson ciki kawai na gani. Sai ƙarar hon ɗin wata babbar mota a bayan kunnena, iskarta ta wuce ni har moton ya yi rawa. Allah ne dai ya sa da sauran shan ruwa a gaba. Na bi mafita ta farko na tsaya, na zauna a dakalin siminti ina salati. Kin san abin da na yi bayan haka? Kunyar komawa wurin matar nan ta sa na naɗe wani kallabin innarki na cusa a ciki, na ci gaba da sa shi har shekara guda. Ta nemi kallabin nan har ta gaji, ta ɗora wa injin wanki laifi.

Ke ba hula gare ki ba, amma kina da kitso da kallabi, kuma jinin ɗaya ne. Kada ki je gwaji ranar da kika fito daga wurin kitso ƙarin gashi ya cika miki kai, bayan sati uku ki tsefe, kaske ya koma yana yawo. Kada kuma ki je a tsefe sannan ki yi babban kitso ya ƙi shiga. Ki je da kanki yadda zai kasance ranakun aiki, ƙananan kitso kwance, da siririn ɗankwali mai laushi wanda ba shi da ƙulli a ƙeya. Fil da allura kuwa, ko ɗaya kada ya shiga ƙarƙashin kaske, balle a wuya. Babban mayafin ki sa shi a jaka, in kin sauka ki yafa.

Sabon kaske matsewa yake yi, ya tura kumatu har ki ji za ki ciji cikin bakinki. Haka ake so, soson zai saki da kansa. Abin da ba a so shi ne wuri ɗaya ya riƙa cizonki, goshi ko saman kunne. Ki sa shi da tabaranki, ki ɗaure, ki yi ta zagaya kantin har minti goma sha biyar, ko da za a yi ta kallonki. Ki kaɗa kai, in fatar fuskarki ba ta bi shi ba ya yi yawa. Ki sa hannu a ƙeya ki tura shi gaba da ƙarfi. In ya zame, ba naki ba ne. In kuma mai kantin ya ce miki ya yi yawa, ki ji maganarsa, kada ki yi halin ubanki.

Modilabil ya fi sauran nauyi, saboda ƙarfen da ke ɗaga gaban. Ki ɗauki biyu uku a hannu ki gwada. A kanti bambancin ba komai ba ne, da yamma wuya ke sani. Nawa har yau ba ya juyawa dama sai na haɗa da kafaɗa. Ki ɗaga gaban ki sauke sau goma da safar hannu a hannunki. Ya buɗe da hannu ɗaya, ya rufe ki ji ƙas a gefe biyu, ki ja ki ga bai motsa ba. Garin naku kuma koguna biyu gare shi, da sanyin safe numfashinki zai rufe gilashin nan take. Akwai siririn gilashi na biyu da ake maƙalawa daga ciki mai hana tururi. In za ki ƙara kuɗi a kan abu ɗaya, ki ƙara a nan. Wanda gilashinsa ya yi tururi ɗaga gaban yake yi don ya ga hanya.

A ƙarshen lambar nan ta maɗauri akwai harafi. In P ne kawai, a rufe aka gwada shi, ba a yarda a yi tafiya da shi a ɗage ba. In P da J ne, doka ta yarda da duka biyun. Mai kanti zai gaya miki haka yana murmushi, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma doka ba ta da haɓa, Uwata. Ni nake da ita, ko in ce abin da ya rage mini.

Na ajiye alƙalami na yi azahar, na sha shayi, na dawo. Wannan wurin ne nake ta kewayewa tun ɗazu.

Kasken da kika sauko da shi shi ne na uku, kuma shi kaɗai na saya da hankali. Sabo, daidai kaina, modilabil. Na so shi ƙwarai. Kafinsa, in na danna ƙararrawar biro fuska rufe, sai a leƙo ta gilashi a ƙi buɗewa. Baƙin mutum da kaske, kin san sauran. Da wannan kuwa yatsa ɗaya na ɗaga gaban, a ga fuska, a buɗe. Ina shan ruwa ban cire ba, ina tambayar hanya ban cire ba. Ke ma zai yi miki daɗi a aikinki, ban hana ba.

Akwai Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa, ba lallai ki tuna shi ba. Mutumin Maraɗi ne, mai sayar da atamfa da shadda a Château Rouge. Shi ya ba ni tabarma a ɗakinsa wata huɗu lokacin da ba ni da wurin sa haƙarƙarina, shi ya karɓa mini auren innarki. Wata rana, tun ina da kaske mai rufe fuska gaba ɗaya, na wuce ta gaban shagonsa ina sauri, na ɗaga masa hannu kawai. Kafin Juma'a magana ta zagaye unguwa: wai Yusufa ya samu aiki ya zama Bature, yana wuce manya fuska rufe kamar ɓarawo. Sai da na je shagon na tuɓe takalmi na durƙusa gaban mutane. Alhaji ya ce ya yafe, amma ya ƙara da cewa, "Hannu ba ya gaisuwa, Yusufa. Fuska ke gaisuwa." Maganar nan ta zauna mini.

To da na samu mai ɗagawa sai na ga Allah ya kawo mini mafita. Ina shigowa unguwar nake ɗaga gaban, in bi layin a hankali ina rabon gaisuwa: mahauci, mai aski, matan da ke sayar da yaji da kuka, kowa ya ga fuskata ya amsa. Aka daina cewa na zama Bature, aka koma cewa Yusufa akwai ladabi. Daɗin maganar nan ya shige ni fiye da yadda zan iya gaya miki.

Ran nan da la'asar ana yayyafi, na shigo layin a rufe saboda ruwan. Sai na hangi Alhaji tsaye ƙofar shago da lema. Na saki hannun hagu na ɗaga gaban, na juya kai wajensa, na ce barka da yini. Ban kai ga "Alhaji" ba. Motar kayan da ke gabana ta tsaya don wata mata mai tura keken jariri, yadda ya kamata ta tsaya. Gudun da nake yi, mai keke ma zai wuce ni. Na damƙe birki da hannu ɗaya, taya ta zame kan farin fentin tsallaka hanya, na tafi da haɓa na daki ƙarfen bayan motar.

Kasken bai yi komai ba sai ƙujewa a gefen da ya bugi ƙasa. Gaban nasa yana can sama kan goshina, ko ƙwarzane babu. Muƙamuƙina ya karye wuri biyu, haƙora biyar suka tafi. Aka ɗaure mini baki da waya sati shida, ina zuƙar kunu ta bututun roba. Likitan da ya ɗinke ni ya ɗauki kasken ya sauke gaban da yatsa, ƙas, ya dube ni. Shekararki takwas. Da innarki ta kawo ki asibiti kika leƙo, kika ɓuya bayan zanenta kina tambaya wane ne wannan. Wallahi karayar ba ta yi mini zafin wannan ba.

Abin da kika sani, abin da innarki ta sani, abin da duk Clichy ta sani, shi ne wani direba ya yanko gabana. Ni na faɗa, da alƙalami a kan takarda tunda baki a ɗaure yake. Ƙarya ce. Ƴan sanda na gaya wa gaskiya, a gida ne na kasa. Direban bai yi laifin komai ba, bawan Allah ma shi ya cire rigarsa ya tare mini jini. Shekara goma sha bakwai kuna yi masa Allah ya isa in an tuna, ni kuma ina shiru. Yaya zan ce na zubar da haƙorana da aikina a kan barka da yini? Alhaji kaɗai ya gani da idonsa. Ya zo asibiti ya zauna bakin gado, ya riƙe hannuna yana hawaye har lokacin ziyara ya ƙare. Har ya rasu ba mu taɓa tayar da zancen ba, kuma ban riƙe shi da komai ba, abin da aka koya masa ya koya mini. Innarki zan ba ta takardar nan ta karanta kafin in rufe ambulan, in sha faɗan gaba ɗaya.

Shi ya sa na ce ki mayar da shi. Ya bugi ƙasa, ya gama aikinsa, ga tsufa. Ba zan iya ba ki shi ba, kuma na kasa gaya miki dalili don dalilin ya haɗa da duk wannan. Sau biyu innarki ta so sa shi cikin kayan da ake aikawa gida, a ba ƙanena mai kabu-kabu, na hana, aka ce rowa. Jiya na sauko da shi, na yanke maɗaurin da almakashi don kada wani ya tsinta ya sa, na kai shi wurin shara.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Tarbiyyar da na yi miki da hannuna nake tsoro, fiye da moton. Ni na hana ki wuce babba ba gaisuwa. Kin tuna ranar da kika wuce maƙwabciyarmu a matakala kina sauri zuwa lakwal kada a fara darasi, na sa kika dawo hawa uku kika durƙusa mata? Kina kuka, kika makara, ni kuwa ina jin na yi aikin uba. Kin ɗauka, kin ma fi ni. Duk benen nan ana cewa ɗiyar Yusufa ba ta wuce mutum. Nan da wata biyu kin san kowa a tudun nan na Lyon. Tsohuwar da kike wa allura za ta ɗago miki hannu ta taga, mai burodi zai kira ki, wata Bahausa za ta hange ki daga tsallaken hanya ta ce ɗiyar gida. Na san abin da hannunki na hagu zai yi kafin ki yi tunani, don ni na koya masa.

Ban ce ki bar gaisuwa ba, Allah ya kiyaye. Ki tsaya gefe, ki sa ƙafa biyu a ƙasa, ki ɗaga gaban, ki gaisa har ki tambayi lafiyar awakinsu na ƙauye. In babu wurin tsayawa ki wuce, ki dawo da yamma da ƙafa ki ba da haƙuri. In an ce kin zama Baturiya, a ce. Ni an ce mini mai ladabi, ga shi yau shekara goma sha bakwai rabona da kilishi, tuwo ma sai innarki ta sassauta shi. Muddin taya na juyawa, ko daga ƙofar wannan gida ne zuwa na kusa da shi, haɓar nan a rufe, ki ji ƙas ɗinta da kunnenki.

Wata rana in gwiwa ta bar ni zan zo Lyon in ga ɗakinki. Wataƙila ki shawo kwana a kan motonki ki hange ni tsaye bakin hanya da jakata, na ɓata, ina duba lambar gida. Ki ji da kyau, don da baki ba zan iya faɗar wannan ba: kada ki ɗaga. Kada ki saki hannu, kada ki juyo. Ki wuce ni fuska rufe kamar ba ki san ni ba, ki je ki tsaya inda ya dace. Ni ubanki ne, gaisuwar nan haƙƙina ce, kuma na yafe miki ita duniya da lahira. Zan jira a wurin har ki tako.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Allah ya kai ki kowane gida lafiya, ya fito da ke lafiya, ya maido ki ɗakinki kowace yamma da ƙafarki. Allah ya sa waraka a hannunki ga waɗanda kike dubawa. Allah ya yi miki albarka, Uwata. Ki huta lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Yusufa